Kwana Huɗu a Nungwi: Inda Kamfanin Shirya Tafiya Ya Yi Daidai da Inda Ya Gaza

Na daɗe ina yi wa maiɗakina da 'ya'yanmu biyu alkawarin cewa wata rana zan kai su su ga teku da idonsu, domin dukkansu a Zariya suka tashi, kuma ruwa mafi girma da suka taɓa tsayawa a bakinsa shi ne na madatsar Tiga. Da na tabbatar cewa hutun mako guda kacal zan samu a wurin aiki cikin watan Agusta, lokacin da yara ke hutun ƙarshen shekara, sai na yanke shawarar miƙa shirin gaba ɗaya ga wani kamfanin shirya tafiye-tafiye da ke Abuja, wanda yake tallar abin da ya kira hutun kwana huɗu a Zanzibar, tsibiran da ke ƙasar Tanzaniya. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin abin da nake so mai karatu ya amfana da shi shi ne sanin irin aikin da ya kamata ya nema daga duk wanda zai damƙa wa kuɗinsa da kwanakinsa. A gajeren hutu irin wannan kwanakin sun fi kuɗin tsada, kuma da wannan ma'auni na auna aikin da aka yi mana.

Na fara tuntuɓarsu tun a watan Mayu, kuma abu na farko da suka yi mini shi ne gargaɗi game da biza. Nijeriya tana cikin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi. Dole ne a nema ta intanet, a jira hukumar shige da fice ta ƙasar ta duba ta amince, abin da yakan ɗauki makonni. Kamfanin ya ƙi yankar mana tikitin jirgi har sai da amincewar ta fito, kuma duk da cewa a lokacin na ƙosa, ina ganin farashin tikiti yana hawa, daga baya na gane cewa sun kare ni ne daga asarar da ta fi wannan girma. Haka kuma su suka sanar da ni cewa tun daga 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo daga ƙasashen waje sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshora na gwamnatin tsibirin, a kan dala 44 ga babban mutum, ko da kuwa yana da wata inshorar daga gida. Sun cike mana takardun, sun tuna mana da katin rigakafin zazzaɓin shawara wanda ake tambayar duk wanda ya fito daga ƙasa irin tamu, har ma suka ja kunnenmu cewa Tanzaniya ta haramta jakar leda tun 2019, don haka kada mu naɗe takalma ko tsaraba a cikinta. A wannan ɓangare na takardu ban sami abin da zan kushe ba.

Aikin da ya fi burge ni, wanda kuma shi kaɗai ya isa ya halatta musu ladan da suka karɓa, shi ne zaɓen garin da za mu sauka. Ni da kaina na je musu da sunan Paje, wani gari a gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, saboda hotunan farin rairayinsa da na gani da kuma sauƙin kuɗin masauki a can. Ma'aikaciyar da ta karɓe ni ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Alhaji, kai da Hajiya kaɗai za ku tafi, ko da yara?” Da na ce mata da yara biyu, babban yana da shekara goma sha ɗaya, ƙaramar tana da bakwai, kuma babu wanda ya iya iyo a cikinsu, sai ta ɗauko taswira ta yi mini bayanin da ban taɓa jin irinsa ba. Teku yana cikowa ya kuma janye sau biyu a kowane yini da dare, kuma a gabashin Unguja ƙasan ruwan shimfiɗaɗɗe ne har zuwa inda duwatsun murjani suka yi shinge, saboda haka idan ruwa ya janye yakan yi nisa ƙwarai, ya bar fili mai faɗi inda matan ƙauyukan ke noman ciyawar teku. Wanda ya je da mako biyu ba zai damu da wannan ba, zai ma ji daɗin kallonsa, amma wanda yake da kwana huɗu yana iya tarar da cewa a dukkan kwanakin nan ruwan ba ya kusa a daidai sa'o'in da yara ke son shiga. Ga kuma iskar kusi da ke kaɗawa daga kudu a watannin Yuni zuwa Satumba, wadda ita ce ke jawo masu wasan sululu da lema a kan ruwa zuwa Paje, amma ba ta da daɗi ga ƙananan yara.

Ta ba ni shawarar Nungwi, a can ƙuryar arewacin tsibirin, kuma ta nace cewa masaukin ya kasance a gefen da ke fuskantar yamma, inda ruwa ke yin zurfi kusa da gaɓa, ta yadda ko ya janye ba ya tafiya da nisa. Ta ƙara da wani abu da ya sa na ƙara yarda da ita: cikowa da janyewar ruwa sun fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren goma sha huɗu, don haka duk mai lissafin watan Musulunci yana riƙe da rabin jadawalin teku a kansa ba tare da ya sani ba. Tafiyarmu ta faɗo kusa da cikar wata, kuma saboda haka ne ma ta hana ni Kendwa, maƙwabciyar Nungwi, inda aka saba yin casun dare na cikar wata da kiɗa har wayewar gari. Duk abin da ta faɗa haka muka tarar. A kwanakinmu babu wata safiya ko yamma da yara suka nemi ruwa suka rasa, kuma kowace magariba muna zaune a kan rairayi muna kallon rana tana faɗawa cikin ruwa, jiragen katako masu tafiya da iska suna gilmawa a gabanta.

Matsalar ta fara ne daga lissafin sa'o'i. Mun tashi daga Abuja ranar Laraba da rana, muka yada zango a Addis Ababa, muka sauka a filin jirgin Abeid Amani Karume na Zanzibar cikin tsakar dare, kuma agogon can yana gaban namu da sa'a biyu. Daga filin jirgi zuwa Nungwi tafiyar kusan kilomita 60 ce, wajen sa'a ɗaya da rabi a mota, saboda haka mun isa masauki ana kiran sallar asuba ranar Alhamis. A nan ma'aikacin karɓar baƙi ya shaida mana cikin ladabi cewa ɗakinmu ba zai zama namu ba sai ƙarfe biyu na rana, domin daga daren Alhamis aka kama mana, kuma waɗanda ke ciki ba su fita ba tukuna. Agusta lokacin cikar baƙi ne, babu wani ɗaki da yake a buɗe. Yara suka kwanta a kan kujerun zaure, maiɗakina ta zauna riƙe da jakarta har rana ta ɗaga, kuma sai wajen azahar aka samu aka ba mu makulli. Da muka shiga barci ya kwashe mu har la'asar sakaliya. Ranar farko cikin huɗu ta tafi ke nan, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kamfanin ya san lokacin saukar jirginmu tun ranar da ya yanki tikitin. Da an ce mini in biya kuɗin dare guda ƙari domin mu tarar da ɗaki a shirye, da na biya ba tare da jayayya ba, domin kuɗin daren nan bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na abin da tafiyar ta ci ba.

Masaukin kansa matsakaici ne, kuma ya dace da abin da aka yi mana alkawari. Ɗakin yana da faɗi, da gidan sauro a kan kowane gado, da na'urar sanyaya ɗaki wadda ba mu cika buƙata ba saboda Agusta lokacin sanyi-sanyi ne a can, kuma soket ɗin lantarki irin namu ne mai baki uku, don haka cajar wayoyinmu ta shiga ba tare da neman wani abu ba. Ruwan famfo yana da ɗan gishiri-gishiri, sai na roba muke sha. Abincin safe yana da yalwa, ga mangwaro da abarba da gwanda, ga shayi mai kayan ƙamshi, da dare kuma akwai gasasshen kifi da shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, wadda yara suka so fiye da yadda na zata. Game da nama ban yi fargaba ba, domin mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne, kuma da na tambayi mai dafa abinci ya tabbatar mini da inda suke saye. Sai dai ya kamata mai iyali ya sani tun daga gida cewa masaukan bakin teku na Nungwi an gina su ne domin baƙi daga Turai, ana sayar da giya a cikinsu a fili, kuma shigar da ake yi a kan rairayi ba irin wadda idonmu ya saba da ita ba ce. Kamfanin bai ce mana komai a kan wannan ba, alhali ma'aikaciyar da ta kira ni Alhaji ta san irin gidan da na fito. Mun gano da kanmu cewa da sassafe, daga bayan asuba zuwa wajen ƙarfe tara, bakin tekun kusan namu ne mu kaɗai tare da masunta, kuma a wannan lokaci ne maiɗakina take shiga ruwa da doguwar rigarta hankali kwance.

Akwai kuma batun alƙibla, wanda ƙaramin abu ne amma ya kusa sa mu yi kuskure. Babu alama a ɗakin, kuma da na shimfiɗa darduma sai jikina ya juya gabas kamar yadda ya saba tun ina yaro. Wani mai shara da ya gan ni ta ƙofa ya yi sallama ya nuna mini arewa, domin Zanzibar tana kudu da Makka kusan a kan layi ɗaya. A masallacin ƙauyen, inda na riƙa zuwa asuba, na tarar da su a kan mazhabar Shafi'iyya, liman yana bayyana bisimilla, yana kuma yin alƙunutu a bayyane bayan ruku'u, jama'a suna amsawa da amin. Kalmomi da yawa na Suwahili sun faɗo mini a kunne kamar na gida saboda tushensu na Larabci ɗaya ne da namu: asubuhi da asuba, habari da labari, sabuni da sabulu.

Kuskure na biyu na kamfanin shi ne cunkoson jadawali. Ranar Juma'a sun tsara mana gonar kayan ƙamshi da safe, tsohon birnin Zanzibar da rana, tsibirin Changuu mai manyan kunkuru da la'asar, sannan kasuwar abincin dare ta lambun Forodhani, duk a yini guda, ga tafiyar mota ta kusan sa'a uku zuwa da dawowa, kuma babu ko layi ɗaya da aka ware wa sallar Juma'a. Direbanmu, wani dattijo mai natsuwa, shi ya gyara abin da ofis ya ɓata. Da daren Alhamis ya aiko mini da saƙo cewa zai zo “saa mbili asubuhi”, wayata kuma ta fassara mini shi da ƙarfe biyu na safe, har na fara tunanin yadda zan tayar da yara cikin dare. Ma'aikacin masauki ne ya bayyana mini cewa Suwahilawa suna fara ƙirga sa'o'in yini daga fitowar rana, wato ƙarfe bakwai na safe shi ne sa'a ta ɗaya, don haka sa'a ta biyu ƙarfe takwas ke nan. Wannan bayani ne na jimla ɗaya da ya kamata ya kasance a takardar da kamfani ke ba kowane matafiyi.

A hanya na ce wa direban a cire Changuu, ya kuma amince nan take, yana mai cewa da ma bai ga yadda za a yi ta yiwu da ƙananan yara ba. Gonar kayan ƙamshi ta cancanci sa'a biyun da muka ba ta, domin maiɗakina ta ga kanumfari da kirfa da citta a jikin itacensu da cikin ƙasarsu, abubuwan da ta shekara tana saye a busashe a kasuwar Sabon Gari, ko da yake mai yi mana bayani ya faɗa mana gaskiya cewa yawancin kanumfarin Zanzibar a tsibirin Pemba ake noma shi. Na yi sallar Juma'a a unguwar Malindi kusa da tashar jiragen ruwa, sannan muka zaga lungunan tsohon birnin, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Mun ga ƙofofin katako masu sassaƙa, da cocin Angilika da aka gina a filin kasuwar bayi wadda aka rufe a 1873, da kuma Beit al-Ajaib, fadar da Sarki Barghash ya gina a 1883, wadda wani sashenta ya rushe a Disambar 2020, saboda haka daga waje kawai muka kalle ta. Birnin ya cancanci kwana guda cur, kuma da ni ne mai tsarawa, da a can za mu kwana daren ƙarshe, kusa da filin jirgi, maimakon mu yi wannan doguwar hanya sau huɗu.

Ranar Asabar aka kai mu kusa da tsibirin Mnemba a ƙaramin jirgi mai inji domin kallon kifaye ta gilashin ido da bututun numfashi. Tsibirin kansa ba a yarda kowa ya taka shi ba sai baƙin masaukin da ke cikinsa, abin da tallar kamfanin ba ta fayyace ba, don haka a kan ruwa ake tsayawa. Ruwan garau yake, kifayen kuma launi-launi, amma iskar kusi ta sa igiyar ruwa ta yi ƙarfi a hanya, ƙaramar 'yata ta yi amai sau biyu, kuma rigunan kariya daga nutsewa da ke cikin jirgin duk na manya ne, sai da na ƙi hawa aka aika aka nemo na yara. Wannan shi ne abin da na fi ɗauka da zafi a dukkan tafiyar, domin ya shafi rai, kuma kamfanin da ya tambaye ni shekarun 'ya'yana tun a Abuja ba shi da uzurin mantawa da su a bakin jirgi. Ban kuma ji daɗin yadda jirage da yawa ke rufar wa dabbobin ruwan nan da ake kira dolfin da gudu a duk inda suka ɓullo ba, har na roƙi matuƙinmu ya tsaya daga nesa.

Ranar Lahadi ce kaɗai aka bar mana ba tare da wani tsari ba, kuma ita ce ranar da 'ya'yana ke ba da labarinta har yau. Mun taka a ƙafa zuwa wurin da maƙeran jirage na Nungwi ke aiki a ƙarƙashin inuwa a bakin ruwa, suna sassaƙa katako da gizago, suna huda shi da abin huji na hannu mai igiya, suna toshe tsakanin alluna da auduga, sana'ar da garin ya shahara da ita tun kafin a gina masauki ko ɗaya. Ɗana ya tsaya fiye da sa'a guda yana kallo, wani tsoho daga cikinsu har ya miƙa masa guduma ya buga ƙusa. Daga nan muka wuce Mnarani, kusa da tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jirage hanya, inda mutanen ƙauyen ke kula da kunkurun teku da suka faɗa komar masunta a cikin wani tafki na dutse da ruwan teku ke shiga, kafin a mayar da su. Kuɗin shiga kaɗan ne, tafiyar kuma ba ta buƙatar mota. Masu tallar yawon jirgi da kayan tsaraba suna tare mutum a kan rairayi, wasu da naci, amma na lura cewa idan aka yi musu sallama aka ce an gode sukan wuce. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne ƙafa, domin idan ruwa ya ja baya akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke maƙale a jikin duwatsu, kuma takalmin roba mai rufe ƙafa ya fi silifa amfani a nan.

Game da kuɗi, farashin da aka faɗa mini a Abuja ya ƙunshi jirgi da masauki da abincin safe da na dare da mota da yawon kwana biyu, kuma ba a ƙara mini ko kwabo a kan waɗannan ba. Abin da ba a faɗa mini ba shi ne harajin da gwamnatin Zanzibar ta ɗora wa kowane baƙo a kan kowane daren da ya kwana a masauki, wanda a teburin karɓar baƙi ake biya, da kuɗin shiga wasu wuraren tarihi, da abincin rana, wanda a bakin teku yake da tsada ƙwarai idan aka kwatanta da gidajen abinci na cikin ƙauye. Na canza kuɗi zuwa shilin na Tanzaniya tun a birni bisa shawarar direba, kuma hakan ya sauƙaƙa mini ciniki a ko'ina.

Idan abokina ya tambaye ni ko ya bi ta hannun wannan kamfani, zan ce masa ya bi, saboda sun san takardu kuma sun san teku, waɗanda su ne abubuwa biyu da baƙo ba zai iya gyarawa ba idan sun lalace. Amma zan ce masa kada ya biya sai an rubuta masa ƙarfe nawa zai sauka da ƙarfe nawa ɗaki zai zama nasa, sai an rage yawon zuwa guda ɗaya a kwana huɗu, sai kuma an tabbatar masa a rubuce cewa akwai rigar kariya daidai jikin kowane yaro. Bayan dawowarmu na rubuta musu waɗannan koke-koke dalla-dalla. Ma'aikaciyar nan ta kira ni bayan kwana biyu, ta ba da haƙuri a kan ɗakin da rigunan ba tare da neman kare kanta ba, ta mayar mini da kuɗin zuwa Changuu da ba mu yi ba, ta kuma nemi izinina ta sa bayanin sa'o'in Suwahili da na alƙibla a cikin takardar da suke ba matafiya, na ce mata ta sa.